Idan Fitilar Birki Ko Ta ESC Ta Kama a Motar Lantarki: Inda Ake Fara Dubawa

Birkin motar lantarki ya sha bamban da na motar fetur tun daga tushe. A motar fetur, injin ne ke samar da zuƙar iskar da ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi, ta cikin baƙar bustar nan mai faɗi da ke bayan masta. Motar lantarki ba ta da injin da zai yi wannan zuƙa, sai aka ɗora aikin a kan moto da kwamfuta. Tesla da wasu motocin Volkswagen suna aiki da iBooster na kamfanin Bosch. Nissan Leaf tana da tata bustar mai moto a ciki. Hyundai Kona ta lantarki, irin wadda aka harhaɗa a Legas, ta haɗe busta da ABS (mai hana taya kullewa) da ESC (mai hana mota zamewa) cikin akwati guda. Prius da 'yan uwanta na Toyota masu haɗa fetur da batir kuwa famfo gare su, wanda ke tara man birki cikin matsi a wata 'yar tukunyar ƙarfe. Kowa da tsarinsa, amma abu biyu sun haɗa su: ƙaramin batir mai bolt 12 ne ke ba su wuta, ba babban da ke jan motar ba, kuma duk hukuncin da za su yanke ya rataya ne a kan labarin da sansa huɗu na jikin tayoyi suka aiko musu.

Wanda ya riƙe wannan ya tsare aljihunsa. Tun da NADDC, hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a watan Afrilun 2021, lokacin Jelani Aliyu na shugabantarta, motar lantarki ta daina zama labarin nesa a Sakkwato. Sai dai akwatin birkinta ba kaya ba ne da za ka leƙa kasuwa ka ɗauko. Sai an aika Kano ko Abuja ko Legas, wani lokaci ƙasar waje, a yi zaman jira, a biya kuɗi mai tsoka. Abin takaicin shi ne sau da yawa bayan an saka shi fitilar ta sake kamawa, domin tun asali ba shi ne mai laifin ba. Don haka a fara da mai arha kuma mai yawan faruwa, a bar mai tsada ya zama na ƙarshe.

Wace fitila ce ta kama?

Ja daban, rawaya daban. Jar fitila mai alamar motsin rai cikin da'ira, ko mai rubutun BRAKE, tana nufin birkin hannu na kame, ko man birki ya yi ƙasa, ko matsin man ya samu tangarɗa. In ka saki birkin hannu ba ta mutu ba, gangara gefen hanya ka tsaya. In ita da ta ABS suka kama tare, rabon ƙarfin birki tsakanin gaba da baya ya tsaya ke nan. Ka taka da ƙarfi tayoyin baya na iya kullewa motar ta juya da kai. Irin wannan ba motar da za a ce bari dai a lallaɓa da ita zuwa Tambuwal ba ce.

Rawayar fitilar ABS ita kaɗai tana nufin birki na kamawa, amma kariyar hana taya kullewa ta tafi. Hoton mota mai layi biyu masu lanƙwasa a ƙarƙashinta shi ne na ESC, wanda Toyota ke rubutawa VSC, Nissan kuma VDC. In yana ƙiftawa kana cikin tafiya, aiki yake yi: ya ji taya na zamewa a kan rairayi ko laka yana daidaita motar. In ya tsaya kyam, tsarin ya kashe kansa. In da OFF a ƙasansa, wani ne ya danna maɓallin. Kashe shi na da amfani a wuri ɗaya, wato lokacin da mota ta kafe cikin rairayi mai zurfi, kwamfuta na yanke ƙarfi duk sanda taya ta fara juyawa. Da an fita a mayar da shi.

Yawan fitilu kada ya ɗaga maka hankali. Sansa guda ta mutu, ABS da ESC da na'urar riƙe gudu da birkin gaggawa mai kama kansa duk za su janye, domin da labarinta suke aiki. Fitila biyar na iya kamawa a kan laifi ɗaya. Mai sayen mota ta hannu kuma ya lura da akasin haka: lokacin kunnawa, dole fitilun nan su haska na 'yan daƙiƙu sannan su mutu. Doka ta wajabta ESC a kan ƙananan motoci sababbi a Amurka daga samfurin 2012, a Tarayyar Turai kuma daga Nuwamban 2014. Motar da ta fito daga can amma fitilar ba ta haskawa ko kaɗan, mai yiwuwa rufe ta aka yi.

Idan kana cikin tafiya feda ta yi tauri ko ta nutse, ƙararrawa na kuka, taka da iyakar ƙarfinka ka riƙe, kada ka riƙa dannawa kana saki. An ƙera motocin ta yadda ko wuta ta ɗauke, ƙafarka za ta tura mai kai tsaye, aƙalla zuwa tayoyin gaba. Zai kama, sai dai da wahala kuma da nisa. In bai wadatar ba, ja maɓallin birkin hannu na lantarki ka riƙe shi. A Tesla mai sandar giya, maɓallin P ake dannawa a riƙe. Kada ka kashe motar tana tafiya. Bayan ta tsaya, a ɗora ta a bayan babbar mota. Jan ta da igiya tayoyin da moto ke juyawa suna ƙasa yana sa moton ya riƙa haifar da wutar da ba ta da wurin zuwa, a je gyaran birki a dawo da ƙonanniyar inbata, wato na'urar da ke sarrafa wutar moton.

Abin da ba ciwo ba ne

Da ka ɗaga ƙafa daga totur, moton ya koma janareta: ya riƙe motar, ya mayar da wuta cikin babban batir. Wannan birkin caji shi ke yin mafi yawan aikin rage gudu a cikin gari, kuma yana da lokutan da yake janyewa ba tare da komai ya lalace ba. Batir ya cika ɗari bisa ɗari, babu inda za a zuba wutar, don haka a kilomitocin farko za ka ji motar na sulalewa fiye da yadda ka saba. Batir ya yi zafi sosai ma haka ne, musamman a tsofaffin Leaf da batirinsu ba shi da ruwan sanyaya, bayan caji mai sauri da tsakar ranar bazara.

Na uku shi ya fi tsorata mutane. Kana rage gudu a hankali, tayar gaba ta faɗa rami ko ta hau tsakuwa, sai ka ji kamar motar ta zabura gaba na ƙiftawar ido. Abin da ya faru shi ne ABS ya ga taya ta yi tsalle, ya sallami birkin caji nan take, ya miƙa aikin ga birkin mai, kuma tsakanin sakin wancan da kamun wannan akwai ɗan gibi. Irin wannan gibin ne ya sa Toyota ta kira Prius samfurin 2010 domin sabunta manhajar birki a watan Fabrairun 2010. Maganinsa a kan hanya shi ne ka ƙara taka feda, kada ka ɗaga. Haka nan gurnanin 'yan daƙiƙu da ake ji daga gaban Prius idan an buɗe ƙofar direba, famfo ne ke tara matsi kafin ka zauna.

Ƙaramin batir kafin komai

Kafin a kwance noti ko ɗaya, a ɗora mita a kan ƙaramin batir bayan motar ta kwana, ko ta yi 'yan awoyi a kashe. Bolt 12.6 cikakke ne, 12.4 ya fara sauka, ƙasa da 12.0 ya zube. A bar mitar a jiki a kunna motar ana kallon lambar. In ta nutse zuwa 10 da ɗoriya a daidai lokacin da kwamfutoci ke farkawa, batirin ya gaji ko da ya nuna lamba mai kyau a zaune. Bayan READY ta kama, ya kamata a ga tsakanin 13 da 14.7, domin a lokacin babban batir ne ke shayar da ƙaramin. In lambar ta tsaya a 12 da 'yan kai, cajin ne ba ya isowa, sai a bi fiyus da wayar na'urar da ke sauko da wutar.

Dalilin da batir ke yaudarar mutane a nan shi ne, a motar fetur mai rauni na tona kansa, kik zai yi nauyi da safe. Motar lantarki ba ta da kik. Batirin da ya kusa mutuwa zai kunna ta lafiya lau, sai lokacin da moton birki ya nemi wuta mai yawa a tashi ɗaya ƙarfin ya faɗi, kwamfutar birki ta rubuta laifi, fitilu su cika allo. Ga kuma zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, wanda ke ƙafar da ruwan batir yana cin farantansa. Batirin da ya haura shekara biyu a garin nan abin tuhuma ne har sai gwaji ya wanke shi.

A duba kawunan batir, a kankare gishirin da ya taru, a ɗaure su yadda hannu ba zai iya juya su ba. A bi wayar at, wato ta nagatif, ta akwatin birki zuwa inda aka ɗaure ta a bodi. Tsakanin wannan wuri da kan nagatif bai kamata mita ta nuna fiye da bolt 0.2 ba lokacin da famfo ke aiki. Tesla na baya-bayan nan kuwa da ƙaramin batirin litiyam suke zuwa, mita kan nuna 15 zuwa 16, kuma daidai ke nan a gare su.

A karanta kafin a goge

'Yar na'urar OBD mai arha, wadda ake jonawa a mota domin karanta laifi, in lambobin P na ɓangaren inji kaɗai take gani, ba ta shiga kwamfutar birki. Ana buƙatar wadda ke ganin lambobin C (na ɓangaren birki da tayoyi) da U (na sadarwa tsakanin kwamfutoci), kuma tana nuna awo kai tsaye mota na tafiya: Techstream a Toyota, GDS a Hyundai, LeafSpy Pro a waya domin Leaf, ko manyan na'urorin Launch da Autel. Tesla tana nuna nata a allonta cikin Service Mode.

Babban kuskuren da ake yi shi ne a jona kwamfuta, a goge komai, fitila ta mutu, mai mota ya biya ya tafi. An share sawun ɓarawo ke nan. A ɗauki hoton kowace lamba da waya, haɗe da bayanan da aka ajiye tare da ita: gudun motar da ƙarfin batir a lokacin da laifin ya faru. Bayan nan a goge, a zagaya da motar, a ga wacce ta dawo. Ita ce ta gaske.

Lambobi suna nuna hanya. C0031, C0034, C0037 da C003A a motoci da yawa sansocin tayoyi ne: gaba hagu, gaba dama, baya hagu, baya dama. C1241 a Toyota ƙarancin wuta ne, koma wa batir. U0121 na cewa sauran kwamfutoci sun daina jin ta ABS, U0126 kuma ta awon sitiyari. Lambobin U da yawa a kwamfutoci daban-daban lokaci guda, kusan kullum wuta ce ta faɗi ko soket ya sha ruwa. Kuma lamba tana faɗin layin da ke da matsala ne, ba kayan da za a saya ba. C0034 na iya zama sansa, na iya zama wayarta, na iya zama boris.

Sansar taya

A nan mafi yawan aikin yake. Sansar na zaune a bayan hob, inda ake ɗaure taya, bakinta na fuskantar zobe mai juyawa tare da taya. A tsofaffin motoci zoben mai haƙora ne. A mafi yawan motocin yanzu zoben maganaɗisu ne da aka haɗa da robar da ke rufe boris.

Mutum biyu ake so: ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da kwamfuta. A miƙaƙƙiyar hanya, a gudun kilomita 20 zuwa 30, tayoyi huɗu su nuna lamba ɗaya ko kusa da haka. Wadda ta tsaya a sifili ta mutu ko wayarta ta tsinke. Wadda ke bin sauran amma ta faɗi sifili da wuri idan ana rage gudu, wajen kilomita 5 zuwa 10, ita ce ke sa feda ta yi rawa a ƙarƙashin ƙafa a kan busasshiyar kwalta daidai lokacin tsayawa: kwamfuta ta ɗauka tayar ta kulle, sai ta saki birkinta. Wannan na iya faruwa ba tare da wata fitila ta kama ba, kuma yana ƙara tsawon tsayawa a shataletale, inda ɗan acaɓa ke gabanka da taku biyu.

A cire tayar, a kwance notin da ke riƙe da sansar, yawanci mai lamba 10 ne, a murɗa ta hagu da dama a hankali har ta fito. Kada a ja ta da waya. Dubi bakinta da kyau: sau da yawa za ka tarar da baƙin garin ƙarfe ya tsaya cirko-cirko a kai kamar gashin baki, ya cakuɗe da jar ƙasa da ɗan giris, ya yi kauri har ya rufe fuskar. A goge da tsumma mai tsabta da feshin wanke birki. Kada a zura sukudireba cikin ramin, domin ƙarzane ɗaya a jikin zoben ya isa ya lalata shi. A kankare tsatsar da ke wurin zamanta, domin tsatsa na ɗaga sansar ta nisanta ta da zoben.

Masu wayarin da suka saba da tsohuwar sansa suna auna ta da om. Sabuwar ba a yi mata haka: kwamfuta ce ke ba ta wuta, ita kuma tana amsawa da sauyin kwarara tsakanin miliamfiya 7 da 14. Awon om ba zai gaya maka komai ba, yana ma iya lahanta ta. Abin yi shi ne a tabbatar wuta na isowa soket, sannan a juya tayar da hannu ana kallon kwamfuta, ana lanƙwasa wayar gaɓa-gaɓa, ana juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe. Wayar gaba ta fi tsinkewa daga ciki a inda take lanƙwasa kusa da shokazoba, robarta kuwa lafiya a ido. A buɗe soket ɗin: in fil ɗin ciki sun yi kore, ruwa ya shiga, ko daga ratsa ruwan damina a unguwanni irin Mabera, ko daga injin feshi na masu wankin mota da ake cusawa bayan taya. Motar da ke kwana kusa da buhunan hatsi kuma a nemi sawun haƙoran ɓera.

In fitilar ta kama ne daidai bayan canza boris, ba sai an yi dogon bincike ba. Ko an juya shi, gefen maganaɗisu ya kalli waje. Ko an sayo marar zobe. Ko an buga shi da guduma zoben ya tsage. Kafin a saka boris a kanga masa ƙaramin fil na ƙarfe: gefen da ya ja fil ɗin shi ke fuskantar sansa. Da injin matsi ake shigar da shi. Tsohon boris mai wasa ma na kawo lambar sansa. A ɗaga motar, a kama taya sama da ƙasa a girgiza.

Tayoyi da sitiyari

Kwamfuta ba ta ganin taya, juyinta kawai take ƙirgawa. Kona ta lantarki samfurin farko na zuwa da 215/55 R17, mai tsayin milimita 668. Aka rasa irinta aka saka 215/60 R17 guda ɗaya, tsayinta 690 ne, bambancin ya haura kashi 3 cikin ɗari. A wajen kwamfuta, taya ɗaya na juyawa a hankali fiye da sauran a kowane lokaci, sai ESC ya riƙa taɓa birki ko yanke ƙarfi a kan hanyar Gusau ba gaira ba dalili, daga baya ya kashe kansa. Tayoyin Beljiyam da ake haɗawa kowace da gidanta su ne kan gaba wajen kawo wannan. Lamba ɗaya a duka huɗu, iri ɗaya a kowane layi. Iska kuma a bi takardar da ke manne a ƙofar direba, PSI 36 a Leaf, 42 a Tesla Model 3, a auna da safe kafin taya ta yi zafi. Mai faci ya auna da rana ya ga ta hau, kada ya sauke. Zafi ne ya ɗaga ta.

ESC na kwatanta inda sitiyari ya nufa da inda motar ke juyawa a zahiri. In an yi alaimen, ko an canza tayarod, ko an cire sitiyari, dole a sake koya wa kwamfuta inda tsakiya take. A tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri tayoyi a miƙe: awon sitiyari kada ya wuce digiri 5 hagu ko dama, awon juyawar mota kuma ya zauna kusa da sifili. C1210 da C1336 a Toyota suna cewa ba a yi irin wannan koyarwar ba ga awon juyawar mota da na rage gudu. Minti kaɗan take ɗauka da kwamfuta, amma a kan gangare in aka yi ta, karkataccen awo motar za ta riƙe a matsayin daidai. Motar da aka sayo bayan hatsari, ko wadda aka mayar da sitiyarinta daga dama zuwa hagu, a fara tuhumar nan. Ɗan makunnin da ke saman feda, mai kunna jar wutar baya, shi ma yana kashe ESC in ya lalace, kuma yana cikin mafi arhar kayan motar.

Birkin da rashin aiki ke kashewa

Tun da birkin caji ne ke ɗauke mafi yawan aikin, fad na iya daɗewa bai cinye ba. Masu mota na murna da haka, amma a nan wata matsalar ke ɓuya. Fil biyu da kalifa, wato ƙarfen da ke matsa fad a jikin faifan birki, ke zamewa a kansu suna bushewa, ƙurar hunturu ta shiga ta tsagaggiyar roba ta daskare, damina ta zo ta ƙara tsatsa. Ka cire fad ɗin baya ka ga kaurinsa na nan, amma gefensa ya fara ɗagowa daga ƙarfen da aka manna shi, fuskar faifai ta ciki kuwa rabinta tsatsa ce. Ranar da aka buƙaci birkin gaggawa a motar da ta kusa kilo 1,700, ranar za a san ba ya nan. Kalifa mai kamewa kuma na sa motar ja gefe ɗaya, ta cinye caji, rim ya yi zafi.

Kafin a taɓa kalifa akwai sharuɗɗa, kuma ba na wasa ba ne. A saka birkin hannu na lantarki a yanayin gyara da kwamfuta ko ta allon motar. Matsa fistin na baya da ƙarfi ba tare da haka ba na karya moton da ke ciki. A sauke gilashi ɗaya, a kashe motar, a kai makulli nesa, a cire kan nagatif, a jira 'yan mintoci domin wasu motocin na da ma'ajiyar wuta ta ko-ta-kwana domin birki. In ba a cire ba, wani ya buɗe ƙofar direba, famfo na iya tashi ya turo fistin waje, yatsun bakanike na tsakani. Jak a wurin da aka tanada kaɗai, ba a ƙarƙashin babban batir ba. Wayoyi masu ruwan lemo na ɗauke da bolt 350 zuwa 400, wasu motocin har 800, kuma aikin birki ba shi da abin da zai kai hannu gare su.

Sau ɗaya a shekara, bayan damina ya fi, a zare fil ɗin a wanke, a shafa musu giris na silikon. Giris ɗin boris na kumbura robar, fil ya ƙara kamewa. Fad ya kai milimita 3 a canza. Mafi ƙarancin kaurin faifai an buga shi a jikinsa. Wajen mayar da fistin, a buɗe nifil ɗin cire iska domin dattin mai ya fita waje maimakon ya koma sama cikin ƙananan bawul na akwatin birki. Notin taya a ɗaure da sifana mai awo, Nm 107 zuwa 127 a Kona, 175 a Model 3. Tsalle a kan sifana na karkatar da faifai. Direba kuma, sau ɗaya a mako, a hanyar da ba kowa a bayansa, ya taka birki da ɗan ƙarfi daga kilomita 60 zuwa 10 sau biyar ko shida. Bayan cika batir ya fi, lokacin da birkin caji ya janye, fad ɗin ne ke yin aikin.

Man birki na shan danshi ko mota na tafiya ko tana ajiye. DOT 3 sabo na tafasa a digiri 205, in ya sha ruwa ya sauko 140. DOT 4 daga 230 zuwa 155. Ruwan kuma na cin bawul daga ciki. A canza duk shekara biyu, da irin da aka rubuta a murfin tulun, daga sabuwar roba mai hatimi. DOT 5 na silikon ba ya shiga motar ABS. Man giya, baƙin mai, ko ruwan sabulun da wasu ke zubawa a tsofaffin motocin haya, ko kaɗan ya shiga, duk robobin ciki sun tashi aiki. In mai ya yi ƙasa a tulu, a nemi dalili kafin a ƙara: a motar da fad ba ya cinyewa da wuri, raguwar mai yoyo ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Cire iska kuma da kwamfuta ake yi a mafi yawansu, ita ke buɗe bawul tana tayar da famfo bi da bi. Tsohuwar hanyar “taka, riƙe” na barin iska a cikin akwatin.

Sai yanzu akwatin birki

Batir lafiya, at lafiya, sansa huɗu sun yarda da juna, sitiyari a tsakiya, mai sabo, amma lambar na dawowa: yanzu ne ake maganar akwatin. A Prius alamarsa a fili take. Famfo na tashi duk bayan 'yan daƙiƙu ko ba a taɓa feda ba, tare da C1256 ko C1391, wato matsi na zurarewa daga ciki. Kafin a saya, a duba lambar bodin motar ko akwai kiranye a kanta. A ƙarshen 2020 Hyundai ta kira Kona ta lantarki domin sabunta manhajar wannan akwati, kuma motar da aka shigo da ita ta hannu mai yiwuwa ba a taɓa yi mata ba. In na hannu za a saka, lambar jikinsa ta zo daidai da ta tsohon harafi da harafi. Kamannin waje ba hujja ba ne. Bayan sakawa akwai cire iska da kwamfuta, da koyar da awon feda, da na sitiyari. C1345 a Toyota na nufin an tsallake koyar da bawul.

Kowane gyara aka yi, kada a miƙa makulli sai an gwada. A tsaye, feda ta yi ƙarfi kuma kada ta riƙa nutsewa in an riƙe ta rabin minti. A fita da motar a wuce kilomita 40, domin wasu laifuffukan ba sa bayyana sai an kai wani gudu, a yi kwana hagu da dama, a taka da ƙarfi sau ɗaya a kan tsakuwa inda ba kowa har a ji ABS ya yi aiki. A dawo a sake jona kwamfuta ko da allo ya yi tsit, sannan a zagaya a kanga bayan hannu kusa da kowane rim. Wanda ya fi ɗan uwansa na ɗaya gefen zafi, kalifarsa na kamewa, a sake buɗe ta.